Kwangilar farko: Ƙalubalen da ke gaban sababbin kamfanoni a Najeriya

Gwamnati na daga cikin manyan masu sayen kaya da bayar da ayyuka a Najeriya, to amma ga sabon kamfanin da bai taɓa yi mata aiki ba, samun kwangilar farko abu ne mai wuya, karɓar kuɗin aikin bayan kammala shi kuma ya kan fi samunsa wuya.

A ɗauki misalin wasu matasa uku da suka gama jami'a, suka haɗa ɗan abin da suke da shi, suka kama ofis mai ɗaki guda a birnin Kano. Sana'arsu ita ce tsara tallace-tallace, da buga takardu, da shirya shafukan intanet. Sun shekara guda suna yi wa makarantu masu zaman kansu da masu shaguna aiki.

Wata rana sai suka ga sanarwa a jarida cewa wata hukumar gwamnatin tarayya na neman kamfanin da zai shirya mata gangamin wayar da kan jama'a, da hotunan bango da kuma tallan rediyo.

Aikin bai fi ƙarfinsu ba, kuma mai yiwuwa su yi shi a kan farashin da bai kai na manyan kamfanonin Legas da Abuja ba. Sai dai kafin wani jami'i ya duba ƙwarewarsu ko farashinsu, akwai jerin sharuɗɗan da ke ƙasan sanarwar, waɗanda su ne ke yanke hukunci a kan mafi yawan masu nema tun kafin a buɗe ambulan.

Asalin dokar

Waɗannan sharuɗɗa ba haka kawai suka faɗo ba. Tarihin kwangila a Najeriya cike yake da labarin ɓarna. A shekarar 1975, ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti sun yi cirko-cirko a gaɓar Legas, bayan da aka yi odar simintin da ya ninka abin da tashar za ta iya saukewa, gwamnati kuma ta yi ta biyan tarar jinkiri.

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta nemi Bankin Duniya ya binciki yadda ake bayar da kwangila. Sakamakon binciken, wanda jami'an gwamnati suka sha ambatawa, ya nuna cewa a cikin kowace naira guda da gwamnati ta kashe, kimanin kobo 60 na salwanta ta hanyoyin da ba su dace ba.

Wannan ne ya sa aka kafa ofishin tabbatar da bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa, wanda Misis Oby Ezekwesili ta shugabanta. Daga baya, a ranar 4 ga watan Yunin 2007, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan dokar bayar da kwangila, wadda ta kafa hukumar BPP.

A rubuce, dokar kariya ce ga ƙaramin kamfani. Ta wajabta tallata manyan ayyuka a jaridu, da buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, da gayyato masu sa ido daga ƙungiyoyin ƙwararru da na farar hula. Ta kuma ce wanda ya cika sharuɗɗa, ya bayar da farashi mafi sauƙi, shi ke da aiki. Wanda aka samu da maguɗi na iya fuskantar ɗaurin shekara 5 zuwa 10.

Abin da masu tsara dokar suka fi sa wa ido shi ne irin kamfanonin da ofishinsu bai wuce jakar hannu ba, waɗanda ake yi wa rajista yau, a ba su aiki gobe, su karɓi kuɗi su ɓace. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Katangar da aka gina domin tare waɗannan kamfanoni ita ce sabon kamfani na gaskiya ke cin karo da ita, domin a kan takarda su biyun sun yi kama: dukkansu sababbi ne, kuma babu mai tarihin aiki a cikinsu.

Tarin takardu

Sanarwar neman 'yan kwangila ta gwamnatin tarayya takan buƙaci takardar rajista daga hukumar CAC, da takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku, da rahoton binciken kuɗi na shekaru uku daga akanta mai lasisi.

Akwai kuma takardar hukumar fansho ta PenCom, da ta asusun horas da ma'aikata na ITF, da ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar rajista a kundin 'yan kwangila na BPP, da wasiƙar banki, da kuma takardar rantsuwa daga kotu da ke bayyana ko wani jami'in hukumar na da hannun jari a kamfanin. Mai aikin talla zai ƙara da rajistar hukumar ARCON, mai aikin kwamfuta kuma da ta NITDA.

Wasu daga cikin takardun ba sa hawa kan kamfani sai yawan ma'aikatansa ya kai wani adadi. Amma da dama daga cikinsu wa'adinsu na ƙarewa ne a ranar 31 ga watan Disamba, don haka kowace sabuwar shekara sai an sake bin layi.

Babban kamfani na da ma'aikacin da aikinsa ke nan. A ƙaramin kamfani kuwa, wanda zai yi zane shi ne zai yi zirga-zirgar ofisoshi, kuma duk ranar da ya yi a can, rana ce da bai yi aikin da zai kawo kuɗi ba.

Akwai ma wurin da dokoki ke taka juna. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, inda ta ba mutum guda damar kafa kamfani, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin naɗa mai binciken kuɗi. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba. To amma mai neman kwangila ba ya cin moriyar sauƙin farko, domin sanarwa za ta nemi rahoton akanta, kuma sau da yawa takan gindaya mafi ƙarancin cinikin da kamfani ya yi a shekarun baya, wanda za a duba a jikin takardar harajinsa.

Duk da haka, takardu abu ne da haƙuri da ɗan kuɗi ke iya samarwa. Sharaɗin da ba a iya saye shi ne wanda ke neman shaidar cewa kamfani ya taɓa yin ayyuka makamantan wannan, galibi guda uku a cikin shekaru biyar, tare da wasiƙar bayar da aiki da takardar kammalawa.

A nan ne matasan na Kano za su tsaya. Ba za a ba su aiki ba sai sun nuna sun taɓa yi, ba kuma za su taɓa yi ba sai an ba su. A irin waɗannan ayyuka akan fara buɗe takardun cancanta ne, kuma wanda ya faɗi a wannan mataki, ba a buɗe ambulan ɗin farashinsa.

Ƙananan ƙofofi

Doka ta bar wata ƙofa. Idan kuɗin aiki bai kai wani adadi ba, hukuma na iya neman farashi daga kamfanoni aƙalla uku da ba su da alaƙa da juna, ta zaɓi mafi sauƙi, ba tare da talla a jarida ba. A ƙa'ida, ta nan ne ya kamata sabon kamfani ya fara, ya tara shaidar aiki sannu a hankali.

Matsalar ita ce aikin da ba a tallata ba, sai wanda ke kusa ne ke jin labarinsa. Kuma sanannen abu ne a tsakanin 'yan kwangila cewa mutum guda na iya mallakar kamfanoni uku, ya miƙa farashi uku, ya yi takara da kansa, ya kuma yi nasara.

Akwai wata sarƙaƙiyar. Hanya mafi sauƙi ta shigar da ƙananan kamfanoni ita ce a rarraba babban aiki zuwa ƙananan rukunoni. Amma dokar 2007 ta ɗauki tsattsaga kwangila domin kauce wa sa idon manyan kwamitoci a matsayin laifi. Bambancin da ke tsakanin rarrabawa ta halal da tsattsagawa ta laifi ya rataya ne a kan niyya da kuma tallata aikin, don haka jami'in da ke tsoron hukumomin EFCC da ICPC zai ga ya fi masa kwanciyar hankali ya dunƙule aikin ya miƙa wa kamfanin da kowa ya sani.

Ba kowane jami'in da ya ƙi sabon kamfani ne ke neman na goro ba. Idan babban kamfani ya gaza, ba a cika tuhumar wanda ya zaɓe shi ba. Idan kuwa sabo ya gaza, tambayar farko ita ce wane ne ya kawo shi.

Hanyar da da yawa ke ƙarewa a kanta ita ce sayen kwangila. Wani mai uwa a gindin murhu ya samu takardar aiki, ya cire kasonsa, ya sayar wa wanda zai iya yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asarar da ƙaramin kamfani ke yi a nan ba ta tsaya ga kason da aka yanke ba. Takardar kammala aiki za ta fito ne da sunan wanda ya sayar. Wato mai takarda na ƙara tara tarihin ayyukan da bai yi ba, wanda ya yi aikin kuma zai koma gaban kwamiti a shekara mai zuwa a matsayin wanda bai taɓa yin komai ba. Kuɗin da ya rage bayan yanke kaso shi ne ake yin aikin da shi, kuma jama'a ne ke ganin sakamakon a jikin azuzuwan da rufinsu ke yaye wa a damina ta farko.

Binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnati a 2021 a kan hukumar raya yankin Neja Delta ya gano ayyuka fiye da 13,000 da aka yi watsi da su ko aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, alhali dokar ta 2007 na aiki a mafi yawan shekarun da binciken ya shafa. Wannan na nuna cewa tarin takardu bai hana masu hanya wucewa ba.

Alƙawura

Gwamnatoci sun sha nuna cewa sun san da matsalar. A watan Mayun 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan umurnin da ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da hukumomi ke kashewa a kan wasu kayayyaki, kamar kayan sarki da kujeru da magunguna da kayan rubutu, ya tafi ga masu samar da su a cikin gida.

A watan Fabrairun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da wani umurnin da ke fifita kamfanonin Najeriya a ayyukan kimiyya da injiniya, a watan Oktoban 2022 kuma ya sa hannu a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. A watan Mayun 2025 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sanar da manufar fifita kayan Najeriya a sayayyar gwamnati.

Sai dai yawancin waɗannan matakai na bambanta kamfanin gida ne da na waje. Wanda ke kayar da matasan na Kano ba kamfanin China ko na Jamus ba ne, kamfanin gida ne da ya shekara ashirin yana shiga da fita a ma'aikatu.

A jihohi, inda dokar tarayya ba ta hawa kan ayyukan da jiha ke yi da kuɗinta, an ga sauyi bayan da Bankin Duniya ya ɓullo da wani shiri na dala miliyan 750 a 2018, wanda ke ba jihohi tukuici idan suka gyara harkar kuɗinsu, ciki har da kafa dokar kwangila da wallafa bayanan ayyuka. Jihar Kaduna, wadda ta yi tata dokar tun 2016, na cikin waɗanda suka fara buɗe shafin da ke nuna wanda aka ba aiki da kuma nawa aka ba shi.

Yawan waɗanda abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Ƙididdigar da hukumar SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar ta nuna cewa ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun kai kimanin miliyan 39.6 a ƙarshen 2020, ƙasa da miliyan 41.5 da aka ƙirga a 2017. Mafi yawansu ƙananan sana'o'i ne da ba za su taɓa neman kwangila ba, amma daga cikinsu ne ake sa ran samun kamfanonin da za su ɗauki matasa aiki.

Wasu ƙasashen sun tunkari matsalar kai tsaye. Amurka ta sa wa kanta burin bai wa ƙananan kamfanoni kashi 23 cikin 100 na kuɗin kwangilolin gwamnatin tarayya, kuma ƙa'idojinta sun ce kamfanin da ba shi da tarihin aiki, ba za a ɗauki wannan a matsayin abin yabo ko na zargi a kansa ba. Kenya kuwa, a 2013, ta keɓe kashi 30 cikin 100 na sayayyar gwamnati ga kamfanonin matasa da mata da masu buƙata ta musamman.

Abin da ya biyo baya a Kenya darasi ne ga Najeriya. An bayar da ayyukan, amma basussukan da gwamnatin ƙasa da na gundumomi suka ƙi biya sun taru, har ta kai Shugaba William Ruto ya kafa kwamitin tantance su a 2023.

Bayan an yi nasara

A ce matasan sun tsallake dukkan waɗannan matakai, an ba su aikin naira miliyan 20, wanda zai ci musu miliyan 17, su samu ribar miliyan 3.

Dokar 2007 ta yarda a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami da bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, dokar kuɗi ta 2020 kuma ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin gida. Amma ba a sakin kuɗin sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, shi kuma banki yakan nemi jingina, wadda galibi takardar mallakar fili ce. Matashin da ke haya ba shi da ita.

Ko da sun samu miliyan 6 ɗin, sauran miliyan 11 sai sun ciwo bashi. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma a lokacin suna cajin ƙananan masu karɓar rance kusan kashi 30. A kan wannan lissafi, ruwan bashin zai kai naira 275,000 a kowane wata. Idan aka yi wata 11 ba a biya su ba, ribar ta ƙare, daga nan kuma sai cin uwar kuɗi.

Ga Musulmin da ke gudun riba, hanyar ta fi ƙunci. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da waɗanda suka biyo bayansa irin su TAJ da Lotus, na iya sayen kaya su sayar wa ɗan kwangila a kan ribar da aka amince da ita, amma su ma suna da ranar biya, kuma suna neman tabbaci. Da yawa kan koma ga dangi da surukai, ta yadda jinkirin da aka yi a wani ofishi a Abuja zai zama sanadin ɓacin zumunci a Fagge ko Tudun Wada.

Sannan akwai faɗuwar darajar kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460, a farkon 2024 kuma ta haura 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Wanda ya bayar da farashin takarda da tawada da kwamfuta kafin wannan sauyi, ya kuma zo saye bayansa, ya yi asara tun kafin ya fara aiki. Manyan kamfanoni kan nemi a sake duba farashin kwangila, kuma suna da lauyoyin da za su bi musu.

Doka ba ta yi shiru a kan jinkiri ba. Ta ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan miƙa takardar neman biya, jinkiri ne da ke jawo ƙarin kuɗi kamar yadda yarjejeniya ta tanada. Ta kuma hana bayar da aikin da ba a ware masa kuɗi a kasafi ba.

Abin da ke faruwa a zahiri daban ne. Majalisar dokoki ta tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 zuwa ƙarshen watan Yunin 2025, sannan ta sake tsawaita shi zuwa ƙarshen Disamba. A shekarar 2025 ne 'yan kwangila na cikin gida suka yi ta zanga-zanga a Abuja, a ma'aikatar kuɗi da kuma ƙofar majalisa, suna neman a biya su kuɗin ayyukan da suka ce sun kammala tun a 2024, da dama daga cikinsu da bashin banki.

Babban kamfani na iya jira, domin yana da ayyuka goma, kuɗin wannan na riƙe wancan. Sabon kamfani aiki ɗaya gare shi, kuma duk jarinsa na ciki. Shi ya sa gyaran da ya tsaya ga sauƙaƙa shiga takara, ba tare da tabbatar da biya a kan lokaci ba, zai iya ƙara yawan waɗanda za su karye ne kawai.

Hanyar ƙorafi

Wanda ke ganin an zalunce shi wajen zaɓe na da kwanakin aiki 15 ya rubuta wa shugaban hukumar da ta bayar da aikin. Idan bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa BPP, wadda ke da kwanakin aiki 21 ta yanke hukunci, daga nan kuma sai Babbar Kotun Tarayya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi damar neman takardun da aka yi amfani da su, rajistar da CAC ta buɗe a 2023 kuma na iya nuna masa ainihin masu kamfanin da ya kayar da shi.

Waɗannan makamai ne da 'yan kwangilar shekarun 1990 ba su da su. To amma wasiƙar farko za ta sauka ne a kan teburin mutumin da ya sa hannu a kan sakamakon da ake ƙorafi a kai, wanda kuma shi ne zai jagoranci bayar da ayyukan shekara mai zuwa.